Rigar Rediyo a Jikin Na'urar Gem

Wan mijina ya auna gonarmu da ƙafarsa tun mijina yana zaune a ƙofar ɗaki yana numfashi. Ba wani ne ya kawo mini labari ba, da idona na gani. Ina dawowa daga makarantar yaƙi da jahilci bayan la'asar, littafina a cikin leda, na hango shi daga burtali yana taku daga gindin ɗorawa zuwa iyakar gamba, samarin 'ya'yansa suna biye da shi da turaku a hammata. An ce in yi haƙuri, na yi. An ce in manta, wannan kuwa ban yi wa kowa alkawari ba.

Wanda bai san yankinmu ba zai ce mene ne abin tada jijiyar wuya a kan 'yar gona ɗaya. A nan gida ne, gona, gida, gona, har iyakar ganinka. Babu wurin shimfiɗa tabarma da ba shi da mai shi. Kuma tun ina yarinya ban taɓa ganin gonar da aka karɓa da sunan "kafin mai ita ya warke" ta koma hannun mai ita ba. 'Ya'yanmu duk mata ne, duk suna ɗakin mazajensu. Idan Malam, wato mijina, bai shuka gonar nan da hannunsa a daminar da ke tafe ba, to ta tafi ke nan, mu kuma mu koma jiran kwanon da za a aiko mana daga sashen wansa.

Hannun ne kuwa babu. Da kakar da ta wuce ya sunkuya zai ɗaure damin gero, sai ya kife a kan damin. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Allah ya taimaka ƙafa ta dawo, baki ya miƙe, amma hannu ya dunƙule kamar mai riƙe da abin da ba ya so a gani. A asibiti a Kano aka ce sai an riƙa kawo shi ana motsa masa shi. Shekarar da man fetur ya tashi ce, shekarar da mai gero a rumbu ma yake auna tuwo da ido. Muka je iya zuwan da za mu iya, muka daina. Ma'aikaciyar da ke duba shi ta ce mini ko a gida ne kada in bar yatsun su kwanta: ya matsa ƙwallon roba, ya tsinci wake ɗaya-ɗaya daga faifai zuwa ƙwarya.

Ya yi kwana kaɗan yana tsintar waken, sannan ya ture faifan da ƙafa ya ce shi ba kaza ba ne. Ƙwallon kuma akuya ta tauna shi, bai ko kore ta ba.

'Yata ta biyu ce ta kawo na'urar. Mijinta gyaran waya yake yi a birni, ya same ta a cikin kayan gwanjo, gilashinta da ɗan tabo a gefe. Baƙa ce, tsawonta bai wuce tafin hannu biyu a jere ba, gilashi a tsakiya, madannai hagu da dama. Kafin nan yarinyar ta gwada ba Malam gem, wato wasan na'ura, a wayarta, bai yi ba, don gilashin waya shafa shi ake yi, shi kuwa yatsansa ba shafa yake bukata ba, abin da zai danna ya ji ya ture shi yake bukata. Wannan kuwa madanninta sai ka sa ƙarfi, ka saki ya dawo da kansa. Ta haɗo mana da ɗan farantin sola da batir, muka ɗora farantin a kan rufin ɗakin girki.

A ciki akwai wani ɗan mutum da ke gudu a daji, ramuka a gabansa. Hagu ke tafiyar da shi, babban yatsan dama ke sa shi tsalle. Ka makara ya faɗa, a koma farko.

Malam ya kalle ta ya ce wa 'yarsa ta mayar wa jikokinsa kayansu. Ta ce, "Baba, jikokinka sun fi ƙarfin wannan, na tsofaffi ne." Ta ajiye masa a kan buzu ta tafi. Da hantsi washegari ina tankaɗe na ji wani ɗan kiɗa yana fitowa daga ɗaki, sai tsaki, sai kiɗan ya sake farawa. Ban leƙa ba. Na san mijina, in ka kalle shi yana koyon abu, ya bar shi ke nan har abada.

Da farko da guiwar yatsa yake dannawa, hannun gaba ɗaya yana rawa. Ramin farko ya ci shi ya fi a ƙirga. Amma waken faifai ba ya yi maka dariya in ka kasa, wannan ɗan mutumin kuwa in ya faɗa rami wani sauti yake yi kamar gwalo, Malam kuma mutum ne da bai iya barin gwalo ya kwana ba. Ya sa masa suna "mutumina". In na kawo koko sai ya ce in dakata, mutumina yana bakin gada. Kafin sanyi ya wuce babban yatsan ya buɗe. Na biye da shi ya fara miƙewa. Ranar da ya ɗauki cokali da dama ya kai baki, rabin kunun a riga ya zube, na fita bayan ɗaki na yi hamdala inda ba zai ji ni ba.

Ni ma fa na iya. In ya tafi masallaci nakan ɗauka, tuwo yana kan wuta. Ban taɓa gaya masa na wuce inda yake ba.

Sai maganar ta fita gari. Malam ya saba zama a dakalin ƙofar gida da yamma, ya fara fita da ita. Masu wucewa suka fara tsayawa. Aka kai wa wansa cewa ƙanensa da furfura a gemu yana wasan yara a bakin hanya, wasu ma suka ce caca ce ta Turawa. Wan nasa, wanda duk gidan muke ce wa Alhaji, ya shigo ya ce ko a fitar da abin daga gidan, ko a yi masa sutura. Ya karɓe ta da kansa ya kai wa baduku ranar kasuwa. Ta dawo cikin rigar jar fata irin wadda dattawa ke yi wa rediyo, da maratayi, da ɗan ado na kore a gefe. An yanke wa gilashi taga, an huda wa madannai, sauran duk an rufe ruf, gaba da baya, sama da ƙasa. Aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. In Malam ya rataya ta a kafaɗa, sai ka rantse labaran duniya zai saurara. Mu haka muke: abin da muke girmamawa da abin da muke jin kunyarsa, duk rufe su muke yi.

Ban ce Alhaji ya san abin da zai biyo baya ba. Bai sani ba. Ni ma ban sani ba.

Bazara ta shigo da zafinta, irin wanda kaza ke buɗe baki a inuwa. Sai na lura kiɗan yana yawan komawa farko. Malam zai fara lafiya, ya tsallake ramukan da ya saba, can sai mutumin nasa ya fara faɗawa inda ko a makon farko bai faɗa ba. Ya daina tsaki, wannan kuma ya fi tsakin tayar mini da hankali. Yakan ajiye na'urar ya ɗaga hannun yana kallo, ya juya shi, ya buɗe, ya rufe. Wani lokaci gilashin ya ɗauke ɗif da kansa, Malam ya ce ko ita ma ta gaji da shi.

A cikin kwanakin ne na ga Alhaji yana auna gona. Ya kuma shigo har tsakar gida ya zauna kusa da ƙanensa, ya yi maganar cikin lallashi, ina jin su daga madafa. Ya ce damina ba ta jiran mara lafiya, yara za su riƙe gonar bana, in Allah ya kawo sauƙi sai a duba. Ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da ya fita na kawo ruwa. Malam ya zare maratayin daga wuyansa ya miƙo mini da hagu.

"Ki ajiye wa jikoki. Hannun ya koma. Ina dannawa, ba ya jin maganata sai ya ga dama. Ki bar Yaya ya ba 'ya'yansa gonar."

Na ce cokali fa, ai jiya da dama ya ci abinci. Ya ce cokali ba sungumi ba ne, kuma shi ya fi ni sanin jikinsa. Ya juya fuska bango. Kwanaki bai taɓa ta ba, kuma ina gani da idona yatsun suka fara komawa cikin tafi, don abin da ba a motsa ba kwanciya yake yi.

A nan ne karatun da na yi da girma ya yi mini rana, ba kuma ta hanyar da kuke zato ba. Lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci, da jika a bayana, na yi watanni ina ganin kowa yana kwafar abin da ke kan allo ni ban iya ba. Na yanke wa kaina hukunci cewa kaina ya bushe, boko ba na irina ba ne. Har na daina zuwa. Malamarmu ce ta biyo ni gida, ta ɗaga yatsu daga bakin zaure ta ce nawa ne, na kasa faɗa. Ashe ido ne. Tabarau ɗaya aka yanka mini, sai ga baƙaƙe tsaye kamar an wanke su. Tun daga ranar na yi wa kaina alkawari: in abu ya ƙi, ba zan fara da zargin mutum ba sai na bincika kayan aikin.

Da azahar, Malam yana barci, na ɗauki na'urar na zauna a inda yake zama da ita da rana, a rumfar kwano. Na fara lafiya. Na wuce gada, na wuce inda itatuwa ke faɗowa. Can sai ɗan mutumin ya fara tafiya kamar mai taka laka. Hoton yana tsayawa yana fizga. Na danna tsalle, sai da na ƙifta ido kafin ya ɗaga ƙafa, ya tafi cikin rami. Na sake, ya sake faɗawa. Hannuna fa, wanda ke daka gero tun kafin a haifi baduku. Na juya ta, fatar bayan ta yi zafi kamar gindin tukunya. Na kara a kunne, na ji wani abu a ciki yana kuka siriri kamar sauro ya shiga kwalba.

Na ɗauko reza na bi ɗinkin baduku ɗaya bayan ɗaya. Da na zare rigar, sai ga wasu 'yan ramuka a jere a samanta da bayanta, iska mai zafi tana fitowa kamar numfashin mai zazzaɓi. Ashe hancinta ne aka toshe. Ƙaiƙayi da gashin fata sun cika ramukan. Na fige gashin kaza ɗaya na share su a hankali, na kai ta ɗakin soro, na kife ƙwarya kusa da randa inda ƙasa ke da sanyi, na ɗora ta a kai, na bar ta ta huce.

Kafin ta huce na kira 'yata a waya. Ba na magana da suruki kai tsaye, don haka ita ke tsakani, ina jin muryarsa daga nesa tana maimaita mini. Da ta gaya masa an ɗinka mata riga, sai da ya yi dariya har ya ba ni haƙuri. Ya ce akwai 'yar fanka a ciki, in zafi ya yi mata yawa ita da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, in ya ƙi sauka ta kashe kanta. Ya ce masu ƙera su tsere suke yi, kowa yana so tasa ta fi ta wani ƙarfi da kyan hoto, ƙarfin kuma da zafi da cin batir yake zuwa. Sababbin ma wasu gem ɗinsu ba sa tashi sai da data, shi ya sa ya zaɓo mana wannan tsohuwar. Can inda ake yin su, in sabuwa ta fito sai a watsar da ta jiya, ita ce ke gangarowa gwanjo ta iso irinmu. Na ce ta gaya masa na gane, irin masarar kamfani ce: ta fi tamu girma, amma ba ta san yunwa da rana ba. Wanda ya ƙera ta bai taɓa zama a rumfar kwano da bazara ba, balle ya san akwai garin da za a yi mata kaftani.

Da na kunna ta bayan la'asar, ɗan mutumin ya tashi da gudu kamar an sake ɗan akuya daga turke. Kafin yatsana ya gama sauka ya riga ya tsallake.

Saura Malam. Na gaya masa duk abin da na gano, ya ce in daina wahalar da kaina, lallashi ne irin na mata. Na san in na roƙe shi ba zai karɓa ba. Sai na shimfiɗa tabarmata a ɗakin soron, daf da inda yake kishingiɗe, na ƙure sautin, na fara bugawa. Ramin farko, wanda ko makaho zai tsallake, na jefa mutumin ciki. Gwalo. Na sake jefa shi. Gwalo. Ina ganin ƙafar Malam tana motsi. Na ce oh, ashe abin da wuya haka, na sake jefa shi.

Ya ce wai ni ba na ganin ramin ne, ko tabarau ɗin ma na gwanjo ne. Na ce ina gani, mutumin ne rago. Ya ce kada in zagi mutuminsa, ni ce ba na dannawa a kan lokaci. Na sake jefa shi.

"Ba ni nan," ya ce. "Za ki kashe bawan Allah a banza."

Da dama ya karɓa, bai ma lura ba. Ya tsallake na farko, ya tsallake na biyu. Ya wuce gada. Ya wuce itatuwan. Ya kai inda ya saba faɗawa tun shigowar zafi, na ga ya riƙe numfashi, ya danna, mutumin ya tashi sama ya dira a ƙetare. Bai tsaya ba sai da ya kai wani kogi da ni kaina ban taɓa gani ba. Sannan ya ajiye ta a kan ƙwaryar, ya ɗaga hannun yana kallo kamar baƙon da ya dawo daga tafiya.

"Ashe ba ni ba ne."

"Ba kai ba ne, Malam. Rigar Alhaji ce."

Ya yi dariyar da rabon da in ji ta tun kafin kaka, har tari ya sarƙe shi.

Daga ranar muka yi mata doka kamar mai jego. Ba ta fita rana, ba ta zama a rumfar kwano, ba a buga ta tana caji. Da sassafe da bayan la'asar, a ɗakin soro, in ta fara ɗumi a mayar da ita gindin randa. Shi kuma na ƙara masa da nawa: in ita tana hutawa, shi ya riƙe ƙotar sungumi, wato doguwar fartanyar shuka, yana saran ƙasar tsakar gida. Da farko tana suɓucewa. Na yanko maratayin jar fatar nan na ɗaura a ƙotar, ya zura wuyan hannu a ciki. Tsakar gidana ta koma kamar inda kaji suka yi tono.

Ba zan yi muku ƙarya in ce hannun ya koma yadda yake ba. Ƙananan yatsu biyu har yau a lanƙwashe suke, maɓallin riga ma ni ke sa masa. Amma uku sun tashi, uku kuma sun isa riƙe ƙota.

Ranar da hadari ya fara haɗuwa a gabas, iska ta kawo ƙamshin ruwan da ya sauka wani gari, Alhaji ya shigo da yamma ya ce gobe yara za su fara kai taki gonar, ya zo ne ya sanar don kada a ce bai faɗa ba. A al'adarmu matar ƙane ba ta tsoma baki a gaban wan miji. Takan durƙusa ta gaishe shi ta wuce. Na durƙusa na gaishe shi, amma ban wuce ba. Na zauna a bakin ƙofa da faifaina.

Tun da ciwon ya same shi, Malam bai ba kowa hannu ba, sai dai ya dafa ƙirji. Ranar ya miƙe tsaye ya miƙa wa wansa dama. Alhaji ya karɓa sama-sama irin yadda ake karɓar hannun mara lafiya, zai zare, hannu ya ƙi zaruwa. Ya ja, Malam ya riƙe. Na ga jijiya ta tashi a bayan babban yatsan nan da ya sha tsallake ramuka.

"Yaya, a gode wa yaran. Gonata ni zan shuka."

Alhaji ya dubi hannun, ya dube ni, ya dubi na'urar tana zaune tsirara a kan ƙwarya. Ya tambaya ina rigar da ya biya aka ɗinka. A nan ne na yi maganar da mata suka yi mako suna maimaitawa a bakin rijiya. Na ce, "Alhaji, rigar ce ta kusa cinye mana gona. Na cire mata, na ga kowa ya samu numfashi." Ya ce lallai boko ya buɗe wa wasu baki. Na ce ido ya buɗe, bakin da ma a buɗe yake, kunya ce ta rufe shi. Malam dai bai saki hannun ba sai da wansa ya ce to, Allah ya ba da damina mai albarka. Muka ce amin.

Amma ni na san turakun nan suna can a kafe, kuma turken da ya ga ruwan farko a gona ya zama shaida. Da aka idar da sallar asuba na ɗaura wa jakinmu mangala, na cika ta da takin awakina. Jar fatar baduku na riga na ɗinke bakinta ta zama 'yar jaka, na zuba irin gero a ciki na rataya wa Malam. Ya saɓa sungumi a kafaɗar dama ya shige gaba. Muka bi ta ƙofar Alhaji, ba ta bayan gari ba, na yi wa matarsa ina kwana da ƙarfi yadda za a ji a ciki. Da muka isa gindin ɗorawa na sauke takin, na bi turakun ɗaya bayan ɗaya na tumɓuke, na ɗaure su a bayan jaki. Itace ya yi tsada a shekarar, da su na dafa tuwon rana.